Kafin Ka Ƙara Sayen Data, Ka Saya Wa Rautarka Batir

Kwanakin baya na shiga wani shagon intanet a Argungu don in taya ƙanina cike fom ɗin makaranta. Muna dab da biyan kuɗi aka ɗauke wuta. Laftof ɗin ba ta mutu ba, wayoyinmu ma da caji, amma rautar da ke rarraba intanet ta mutu nan take. Kafin a tayar da janareta ta sake kamawa, shafin ya fitar da mu, sai daga farko. Da na leƙa, rautar tana kan kwali a ƙasa, ƙura ta lulluɓe ta.

Ra'ayina shi ne, yawancin abin da muke ɗora wa "netwok" a Birnin Kebbi da Argungu laifin wuta ne da rashin kula da wannan ƙaramar na'ura. Muna zuba kuɗi a waya da data, amma na'urar da komai ya rataya a kanta ko batir ba mu saya mata.

Rautar gida yawanci bolt 12 take amfani da shi, cin wutarta kuma bai cika wuce wat 10 ba. Batir mai bolt 12 da 7Ah, irin na cikin ƙaramin UPS, yana ɗauke da wat-awa 84. A lissafi zai riƙe ta awa takwas, amma tunda batir mai dalma ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf, ka sa ran awa huɗu zuwa biyar. Akwai kuma ƙananan UPS da ke ba rauta bolt 12 kai tsaye ba sai an bi ta inbata ba, ka ga babu asarar wuta wajen juyawa. Mai Starlink, wadda ta shigo Najeriya a Janairun 2023, lissafinsa daban ne, don cin wutarta ya ninka na rauta sau da yawa.

Masu amfani da Raspberry Pi ko MikroTik wajen sayar da intanet a unguwa, naku ya fi tsanani. Raspberry Pi a katin memori take ajiye manhajarta. In wuta ta yanke tana tsakar rubutu, katin na iya lalacewa, bayanan kwastomomi su bi ruwa.

Sai batun mazauni. Akwatin ƙarfen da ake kira rak yana da ma'auni ɗaya a duniya: faɗin inci 19, kowane hawa kuma inci 1.75. Ƙarami mai hawa shida da ake kafewa a bango ya ishi shago. Yana ɗaga kaya daga ƙasa, ya kare su daga ɓera, ruwan damina da ƙurar hunturu. Sai dai a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, akwatin da ba fanka tanda ne. Raspberry Pi tana rage gudu da kanta in zafinta ya kai wajen digiri 80. Batir mai dalma kuwa, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana cinye kusan rabin rayuwarsa. Shi ya sa na fi son batirin LiFePO4 duk da tsadarsa: ya fi jure zafi, kuma yana ɗaukar caji sau dubbai.

Wani zai ce ai akwai janareta. To, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wa zai ƙona fetur don na'urar wat 10? Kuma ba mu manta gobarar da ta tashi a tashar wutar Birnin Kebbi a Satumban 2023 ba, wadda ta jefa Kebbi da Sakkwato cikin duhu. A irin wannan rana, mai ƙaramin faranti na sola da batir shi ne ke da intanet.

Don haka in za ka biya kuɗin Wi-Fi na wata a unguwarku, ka tambayi mai shi: in an ɗauke wuta, awa nawa rautarka ke yi? In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka. In kuma kai ne mai rautar, duba bayan cajarta ka ga bolt nawa aka rubuta kafin ka je kasuwa, don kar ka sayo abin da zai ƙona ta.