Layin da Rada Ta Gani, Wa Zai Raɗa Masa Suna?

A watan Nuwamba na 1981, na'urar rada ta SIR-A da ke cikin kumbon Columbia ta ɗauki hoton hamadar da ke tsakanin Masar da Sudan. Inda ido ba ya ganin komai sai rairayi, hoton ya fito da baƙaƙen layuka masu rassa. Sai da masu bincike suka je suka haƙa ramuka kafin a tabbatar cewa kwaruruka ne na tsofaffin koguna, har aka tsinci makaman dutse na mutanen da a gaɓarsu. Duk da haka, da wasu suka ce kogunan sun taɓa ratsa nahiyar zuwa Tekun Atlantika, wasu masanan sun ƙi yarda.

Rada ba launi take gani ba. Abin da take aunawa shi ne yadda ƙasa ke mayar mata da saƙon da ta aika: wuri mai santsi ya fito baƙi, mai kaushi ya yi haske. Layin da ya gitta gabanta yakan fito raɗau, wanda ya bi alƙiblar kallonta kuwa yana iya ɓacewa. Saboda haka ganin layi ba sanin asalinsa ba ne.

A nan ne nazarin Hausa yake da abin faɗa, ko da yake sassanmu sun bar fagen ga masana ƙasa. Abin da kwamfuta za ta kira layi kawai, Bahaushe ya daɗe da rarrabe shi: burtali daban, turba daban, ganuwa da gwalalonta daban, ƙorama da kwazazzabo daban. Manomin da ke kiran gonarsa da sunan tsohuwar ƙofa ya riƙe shaidar da babu ita a hoto. Kwari irin Dallol Mawuri na Nijar a fili yake. Matsalar tana ga ƙananan ganuwoyin garuruwan da aka tashi, waɗanda garma da masu ɗibar ƙasar gini ke shafewa kowace shekara.

Hotunan Sentinel-1 kyauta ne, kuma hazo ko gajimare ba ya tare su, sai dai ba sa ratsa rairayi kamar SIR-A. Ya kamata ɗalibin da zai fita tattara tarihin baka ya tafi da irin wannan hoto, ya shimfiɗa shi gaban mai unguwa da dattawa, ya rubuta sunan da suka ba kowane layi, har da wanda suka yi saɓani a kansa.