Gyaran Suna Ba Ya Bukatar Dillali

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, yau maganar bashi za mu yi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka kada wani ya ji kunya. Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne wata sana'a da ta ɓullo a bakin bankuna da cikin wayoyinmu, ta mutanen da ke cewa a ba su kuɗi su goge wa mutum suna daga littafin masu cin bashi. Mu dai shawararmu ɗaya ce, kada kowa ya ba su ko kwabo.

Bari mu fara da shi littafin. A da, amanar ɗan kasuwa a bakin mutane take. In ka je Kantin Kwari ko Kurmi neman kaya bashi, maigida zai tambayi maƙwabtan rumfarka, in suka ce kai mai cika alkawari ne, shi ke nan ka ɗauki kaya. Yanzu an mai da wannan shaida cikin kwamfuta. Akwai kamfanoni 3 da Babban Bankin Nijeriya ya ba izinin ajiye labarin masu bashi, su ne CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna manya da ƙanana suna aika musu sunan wanda ya ci bashi, da nawa ya ci, da ko yana biya kan lokaci. Tun da aka kawo lambar BVN a 2014 kuwa, ba wurin ɓuya, domin lambarka ɗaya ce a kowane banki. In ka je neman jari, sai sun duba littafin nan kafin su dubi fuskarka.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ake kira GSI, wadda ta fara aiki ran 1 ga Agusta, 2020. Wanda ya sa hannu a kanta ya ci bashi ya ƙi biya, bankin da ke binsa yana iya ɗebe kuɗin daga ajiyarsa ta wani banki dabam. Wannan ne ya sa wani kan wayi gari ya tarar kuɗin cinikinsa sun ragu, hankalinsa ya tashi. A daidai lokacin ne masu wannan sana'a ke zuwa, da kwat da jaka, suna cewa sun san wani babba a ciki.

To, jama'a, a yi tunani. Bashin da aka rubuta wa mutum iri biyu ne, ko dai na gaskiya ko na kuskure.

In na gaskiya ne, ba wani dillali da zai iya goge shi, sai biya. Mun san da yawa daga cikinmu sun karɓi bashin noma da aka fara a Kebbi a 2015, ko bashin korona na 2020, suna ɗauka rabon gwamnati ne, domin haka waɗansu 'yan siyasa da 'yan kamasho suka sa su ɗauka. Waɗancan sun yanki nasu kason sun tafi, sunan talaka ne ya zauna a littafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Duk da haka wanda ya ci ya je da ƙafarsa ya sami manaja, ya faɗi abin da zai iya biya kowane wata, ya roƙi a sassauta tara, a rubuta abin da aka shirya a takarda. Ran da ya gama biya kada ya fita sai da takardar shaidar cewa ba a binsa kome. Kuɗin da zai ba dillali, da ya zuba su cikin bashin da sun rage masa nauyi.

In kuwa na kuskure ne, wato ka biya ba a share ba, ko an ƙara maka abin da ba ka ci ba, ko wani ya ci da sunanka, to doka ta riga ta ba ka hanya. Dokar labarin masu bashi, wadda Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayu, 2017, ta ba kowa ikon neman rahoton da aka rubuta a kansa kyauta, sau ɗaya a shekara. Ka nemi naka, ka sa a karanta maka layi-layi. In ka ga abin da ba daidai ba, ka rubuta takardar koke zuwa ga bankin da kuma kamfanin da ke ajiye labarin. Ka faɗi sunanka, da kuɗin da ake magana a kai, da ranar da ka biya, ka haɗa da kwafin rasidi. Asalin rasidin ya zauna a akwatinka. Ka sa akawu ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin takardarka. In kwana 10 na aiki suka wuce ba a warware ba, ka ɗaukaka ƙara zuwa Babban Banki, inda akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. In can ma ba ta yi ba, ga kotu. A lura kuma, ƙa'idar GSI uwar kuɗi da ruwansu kawai ta yarda a ɗiba, ban da tara. Wanda aka ɗebar wa tara ta wannan hanya yana da bakin magana.

Ina abin da ya gagari talaka a nan? Takarda ce da haƙuri da sawu. Shi dillalin, in ma ya yi aikin, wannan takardar zai rubuta ya ce ka kawo dubbai. Sau da yawa ma ba ya yi. Zai nemi lambarka ta BVN da lambobin sirrin da banki ke aiko maka ta waya, wai don ya shiga ya gyara. Wanda ya ba da su ya ba da mabuɗin rumbunsa. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Ko a Amurka, inda wannan sana'a ta daɗe, sai da majalisarsu ta yi doka a 1996 ta hana masu gyaran suna karɓar lada kafin su gama aiki, don yawan cutar da suka yi wa mutane.

Ba mu ce kada a nemi taimako ko kaɗan ba. In kuɗin masu yawa ne, ko an kai ka ƙara, ko ana shirin sayar da gida ko gonar da ka jinginar, nemi lauya na gaske mai ofis, ku yi cinikin ladansa tun farko, ya ba ka rasit. Lauya zai gaya maka abin da doka ta ce, ko da ba zai yi maka daɗi ba. Mai cewa lalle zai goge sunanka cikin kwana uku, wannan maƙaryaci ne.

Laifin mahukunta kuwa ba za mu ɓoye shi ba. Sun yi doka sun bar ta cikin Turanci. Ran rabon bashi an yi ganga da algaita, amma wa ya zo kasuwa ya gaya wa mai tumatir cewa yana da ikon ganin abin da aka rubuta a kansa? Jahilcin da aka bar mu a ciki shi ne jarin dillalan nan. Muna kira ga Babban Banki ya tilasta wa kowane banki ya manna wannan bayani da Hausa, da boko da ajami, a bakin ƙofarsa, a kuma riƙa shelarsa a rediyo.

Kafin su farka, mu taimaki kanmu. Muna roƙon sakatarorin rassan jam'iyyarmu su keɓe rana ɗaya a mako, su zauna da alƙalami da takarda, su rubuta wa duk wanda bai iya rubutu ba kokensa kyauta, ko ɗan jam'iyya ne ko ba ɗan jam'iyya ba. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su ma su yi haka. Kowa kuma ya riƙa ajiye rasidi, ya rubuta bashi ko na ɗan'uwa ne, gama ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah Ya raba mu da nauyin bashi da sharrin macuta, amin.