Bayan An Sauke Adakoki A Bamako

Duk sanda aka ambaci Abdulƙadir Haidara, mai kula da ɗakin littattafan Mamma Haidara na birnin Timbuktu, labari ɗaya ake bayarwa: yadda a 2012 aka riƙa cusa tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu cikin adakokin ƙarfe da tsakar dare, ana sulale su daga garin da 'yan bindiga suka mamaye, wasu a motocin haya, wasu a kwalekwale ta kogin Kwara, har suka isa Bamako, tafiyar kusan kilomita 1,000. Labari ne mai daɗin ji. Shi ya sa Turawa suka rubuta littattafai a kansa, Jamus kuma ta ba mutumin lambar yabo a 2014. To amma jigilar 'yan watanni ta ɗauka. Abin da ya biyo bayanta ya haura shekara 10, kuma ba kasafai ake ba da labarinsa ba, domin babu ƙarar bindiga a ciki, sai ƙura da danshi da kwali da lissafi. A ganina da waɗannan shekarun ya kamata a auna ƙaurar. Ma'aikacin laburare da ya bar garinsu da kayan mutane, jarumtakar fitarsa ba ta wanke shi. Abin da yake yi kowace safiya a inda ya sauka shi ne zai nuna ko ceto ya yi ko kwasa.

Haidara yana ɗan shekara 17 mahaifinsa ya rasu, a 1981, aka ɗora masa riƙon littattafan gidansu. A 1984 ya kama aiki da Cibiyar Ahmad Baba, wadda gwamnatin Mali ta kafa a 1973, yana bin ƙauyuka da rugage yana lallashin iyalai su fito da abin da suka gada, wani lokaci a biya su da kuɗi, wani lokaci da dabbobi. A 1996 ya kafa ƙungiyar SAVAMA ta masu littattafan gado, a 2000 ya buɗe laburaren gidansu ga jama'a. Ke nan mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana cewa jama'a su ba shi amana. Da sojoji suka kifar da shugaban ƙasa Amadou Toumani Touré a Maris 2012, Timbuktu ta faɗa hannun 'yan tawayen MNLA da Ansar Dine ranar 1 ga Afrilu, sai ya koma Bamako da zama. Ba a rasa masu ganin cewa mai gadi ba ya barin bakin ƙofa ranar da ɓarayi suka shigo unguwa. Sai dai an wawashe bankunan Timbuktu, kuma sayen adakoki da biyan direbobi da masu jiragen ruwa da neman gidajen ajiya duk kuɗi suke ci, kuɗin nan kuwa daga Bamako kaɗai ake iya nemo su. Abin da ya kamata a faɗa, wanda masu ba da lambar yabo kan manta, shi ne samarin da suka raka kayan suka tsallake shingayen bincike su ne suka sa wuyansu, tare da ma'aikatan Cibiyar Ahmad Baba da suka fitar da nasu kason ta tasu hanyar.

Da kayan suka isa sai aka tarar da abokin gaba na biyu. Ruwan da ake samu a Timbuktu a shekara bai kai milimita 200 ba. Na Bamako yana kai wa 1,000, akasarinsa tsakanin Yuni da Satumba. Takardar da ta shafe ƙarni 3 ko 4 a busasshiyar iskar Sahara, aka danƙara ta a adakar ƙarfe, aka ajiye a ɗakin da ke gumi da damina, fumfuna ce makomarta, tawadar ta malale, fallayen su manne da juna. Daga nan rayuwar Haidara da mutanensa ta koma ta yau da gobe: neman gini mai bene don a nesanta kaya da ƙasa, kafa na'urorin tsotse danshi, yanka wa kowane littafi akwatin kwali daidai jikinsa, irin kwalin da ba ya cin takarda. Duk wanda ya taɓa riƙe Alƙur'ani rubutun hannu ya san littattafanmu na wannan yanki ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi, kuma babu lambar shafi. Ma'aikaci zai kwance igiyar fatar, ya ɗaga falle ɗaya, ya share shi da lallausan burushi, ya duba kalmar da marubuci ya ajiye a ƙasan shafi don ya gane ko fallen da ke biye shi ne na gaskiya ko an cakuɗa. Sannan ya rubuta sunan littafi, da mawallafi, da wanda ya kwafa, da layin farko da na ƙarshe. Da yawa farkonsu ya ɓace, gara ta cinye wurin da sunan yake, sai an kira malamin da ya haddace matanin ya karanta 'yan layuka ya ce wannan sharhin Risala ne, wancan Mukhtasar ne. Bayan haka ne za a kai wa mai ɗaukar hoto, shafi bayan shafi.

Wannan aikin ne nake cewa shi ne ceton, kuma dalilina yana cikin abin da ya faru a ƙarshen Janairun 2013. Da sojojin Faransa suka doso Timbuktu, 'yan bindigar suka tara littattafai a sabon ginin Cibiyar Ahmad Baba, wanda Afirka ta Kudu ta gina aka buɗe a 2009, suka cinna musu wuta kafin su gudu. Aka rasa sama da 4,000. Littafin da ke cikin fihirisa, in ya ƙone, an san abin da aka rasa, ana iya neman kwafinsa a Walata ko Kano ko Fas. Wanda ba a taɓa rubuta sunansa ba, in ya ƙone, ko ta'aziyyarsa ba za a iya yi ba. Fihirisar da Gidauniyar Al-Furqan ta Landan ta buga wa cibiyar a shekarun 1990 ta tsaya ne a kan rubuce-rubuce 9,000, alhali kafin 2012 abin da cibiyar ta tara ya haura 30,000. In haka lamarin yake a ma'aikatar gwamnati mai albashi, sai a ƙiyasta na gidajen iyalai. Abin da zaman lafiya bai sa an yi a Timbuktu ba, gudun hijira ya tilasta an zauna an yi a Bamako.

Akwai masu cewa tun farko ba a bukaci ƙaurar ba, kuma an zuzuta labarin. Maganarsu tana da ƙafa. Kimanin littattafai 10,000 da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wancan sabon gini sun tsira a inda suke, maharan ba su kai gare su ba, kuma wasu iyalai sun ɓoye nasu a cikin gari ba abin da ya same su. Charlie English, tsohon editan labaran duniya na jaridar Guardian, ya fitar da littafi a 2017 inda ya nuna shakku kan girman barazanar da kan adadin sama da 350,000 da ake cewa an fitar. Masana tarihi ma sun ja hankali cewa a wannan ƙidayar wasiƙa mai falle ɗaya da takardar cinikin gishiri kowacce guda ɗaya ce, daidai da littafi mai shafi 500, kuma galibin littattafan kwafi ne na sanannun matanonin fiƙihu da nahawu, ba taskar ilmin taurari da likitanci da jaridun Turai suka riƙa kururutawa ba. Na yarda da rabin maganar. Rabin da ban yarda da shi ba shi ne hukunta mutumin 2012 da ilmin 2017. Wanda ya ga an sa diga an rushe hubbaren waliyyai tun daga ƙarshen Yunin 2012, laifin da Kotun Duniya ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9 a kansa a 2016, ba a ce masa ya jira ya ga ko za a taɓa littattafai. Batun adadi kuwa, ai ba da musu ake warware shi ba, da fihirisa ake warwarewa. Mai shakka da mai zuzutawa duk a gaban teburin wancan ma'aikaci mai burushi za su sami amsa. Kuma wasiƙun 'yan kasuwar da ake rainawa, su ne ke gaya mana wa ya ci bashin wa tsakanin Ghadames da Timbuktu, abin da littafin fiƙihu ba zai faɗa ba.

Suka ta biyu ta fi ɗaci: cewa ƙaura ta mai da ma'aikacin laburare ɗan neman tallafi, yau yana Berlin gobe yana Brussels, kuɗin Jamus da Holan da gidauniyoyin Amurka suna bi ta hannun ƙungiya ɗaya, hotunan littattafan kuma suna ajiye a Minnesota, wurin laburaren HMML na wasu fada-fadan Katolika da suka shiga aikin tun 2013, wasu kuma Google ya baje su a intanet a 2022. A nan dole a yi tambaya, domin duk inda kuɗi da suna suka taru a hannu ɗaya, bin diddigi ya wajaba, kuma iyalan da suka ba da kayansu suna da haƙƙin sanin nawa aka karɓa da sunansu. Amma wanda ke jin haushin kuɗin Bature ya nuna mana na gida da aka ƙi karɓa. Masu hannu da shuni a Afirka ta Yamma sun fi son gina masallaci na biyar a unguwa ɗaya da su biya albashin mutum 10 masu yanka kwali, don ba a liƙa allon suna a jikin kwali. Ajiye hoto a wata nahiya kuwa ba aibi ba ne muddin mai littafi ya yarda kuma an damƙa masa nasa kwafin. Aibin yana zuwa ne ranar da ɗalibi a Amurka zai buɗe littafin kakan wani a kwamfuta cikin minti ɗaya, jikan kuma yana Timbuktu bai da hanyar ganinsa.

Wannan ya kawo mu kan sukar da ba ni da cikakkiyar amsarta sai dai sharaɗi. Garin da aka sani da littafi, in aka kwashe littattafan shekara da shekaru, malaman da ke iya karanta su su bi su, masu gyara su bi su, baƙi masu bincike su tsaya a Bamako, to an ƙarasa wa 'yan bindiga aikin da suka fara. Timbuktu ta taɓa ganin irin wannan. Bayan Maroko ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591, an tasa ƙeyar malam Ahmad Baba, wanda cibiyar nan ke ɗauke da sunansa, zuwa Marrakesh a 1594, aka wawashe laburarensa mai littattafai 1,600. Abin da ya yi a baƙunta shi ne koyarwa da ba da fatawa da tattara tarihin malaman Malikiyya a Nailul Ibtihaj, littafin da ta cikinsa muka san kakansa ya koyar a Kano, muka san labarin Ɗan Takum alƙalin Katsina. Ya koma gida a 1608, amma littattafansa ba su koma tare da shi ba. Haidara yana da 'yancin zaɓar inda zai zauna da iyalinsa, babu wanda zai tilasta wa dattijo komawa garin da ƙungiyar 'yan bindiga ta JNIM ta yi wa ƙawanya a 2023. Littattafan ne ba su da wannan 'yancin, don aro aka ba shi, kuma kowane iyali shi ke da ikon cewa a dawo masa da nasa.

A watan Agustan 2025 gwamnatin Mali ta fara mayar da littattafan Cibiyar Ahmad Baba gida ta jirgin sama, akwatuna sama da 200 a zubin farko. Wasu na ganin an yi gaggawa. Amma Bamako ɗin da ake kira tudun tsira, ranar 17 ga Satumban 2024 an kai hari makarantar jandarmomi da filin jirgin samanta. Tunda babu garin da za a rantse da shi, tambayar da ta rage ba ta inda za a ajiye adaka ba ce, ta abin da zai raka ta ce. Kowace adaka ta koma da jerin abin da ke cikinta, mai gida ya ƙirga ya sa hannu. Kwafin hotunan ya sauka a Timbuktu tare da ita, wani ya tsaya a Bamako, wani a waje. Yaran da suka koyi share falle da yanka kwali a baƙunta a ba su aiki a gida, kada sana'ar ta tsaya a kudu. Mu ma a nan, Gidan Arewa na Kaduna da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato da cibiyar IRSH ta Yamai suna da nasu jerin, amma mafi yawan gafakokin da ke zaurukan malamai daga Kano zuwa Agadas zuwa Yola ba wanda ya taɓa rubuta abin da ke ciki, kuma a Borno da Zamfara an riga an ga garuruwan da aka bari da kayan jiki kawai.