Tabar Ƙasaita: Ganyen Namu Ne, To Ribar Fa?

A 'yan shekarun nan wani yayi ya kunno kai a tsakanin wasu masu hannu da shuni da samarin da ke kwaikwayonsu a manyan otal-otal da wuraren shaƙatawa na Duwala da Yawunde, wato zuƙar ƙatuwar tabar nan ta naɗin hannu wadda masu jin Faransanci ke kira sigar. A da abin alfahari shi ne mutum ya ce tasa daga Kyuba ta zo. Yanzu kuwa salo ya sauya, abin tinƙaho shi ne a ce daga wani ƙaramin gidan naɗi ta fito wanda ba kowa ya san shi ba, kuma mai ƙarfi ce, irin wadda in baƙo ya zuƙa sai kansa ya juya. Wannan yayi daga Amurka da Turai ya taso, kuma da ba don hannunmu na ciki dumu-dumu ba, da sai mu bar su da kayansu.

Domin amfanin mai karatun da bai san ta ba, ita wannan taba ba a sa mata takarda ko auduga kamar sigari. Ganye ce zalla, hawa uku. Akwai ganyen ciki, akwai wanda ake ɗaure shi da shi, sannan akwai na waje, mai laushi da sheƙi, wanda za mu iya kira rigar taba. Ƙarfin da ake ta kururutawa yana fitowa ne daga ganyayen can saman tsiron, waɗanda suka fi shan rana, suka fi kauri, suka kuma fi tara sinadarin nikotin. Masu sana'ar suna kiran su ligero. Bayan an shanya ganyen sai a jibge shi tuli-tuli ya yi zafi ya ruɓa daidai gwargwado, a ajiye shi shekara da shekaru kafin ya kai hannun mai naɗi.

Tun da Amurka ta ƙaƙaba wa Kyuba takunkumin ciniki a 1962, sana'ar ta yi ƙarfi a Jamhuriyar Dominika da Honduras da Nikaragwa, inda garin Esteli ya zama cibiyarta. Mujallar Cigar Aficionado da aka fara bugawa a 1992 ta taimaka wajen mai da wannan taba alamar arziki da wayewa, kuma a bayan haka ne ƙananan gidaje irin su Tatuaje, wanda ya fito a 2003, suka samu kasuwa da kirarin cewa su kaɗan suke yi amma mai kyau.

To ina ruwan Kamaru? Ruwanta shi ne rigar. Ɗaya daga cikin ganyayen waje da aka fi daraja a duniya a nan ake noma shi, a Jihar Gabas, musamman kewayen Baturi, da kuma tsallaken iyaka cikin Afirka ta Tsakiya. Irin asalinsa daga tsibirin Sumatara ne na ƙasar Indonesiya, amma ƙasarmu ce ta ba shi ɗanɗanon da ya yi suna da shi. A wasu ƙasashe sai an kafa rumfunan yadi a gona don kare ganyen riga daga rana. A nan gajimare ne ke yin wannan aiki kyauta. Ƙananan manoma ne ke shuka shi a 'yan gonakinsu, su tsinke shi ganye-ganye, su tsire shi a zare, su rataye a rumfa har ya bushe. Sanannun gidaje kamar Arturo Fuente da Oliva suna da nau'o'in taba da ke sanye da wannan riga, kuma sukan ambaci sunan Kamaru da alfahari in suna tallar su.

Shekaru da dama kamfanin taba na gwamnatin Faransa, SEITA, shi ke riƙe da ragamar cinikin, a birnin Faris kuma ake sayar da ganyen ga dillalai. Da Faransawan suka janye a farkon shekarun 1990, shi ma kamfanin taba na gwamnatinmu, SCT, ya durƙushe daga baya, noman ya kusa mutuwa, sai 'yan kasuwar gidan Meerapfel na ƙasar Beljiyam suka shigo suka farfaɗo da shi. Wannan kam ba za a hana su yabonsa ba. Amma duk wanda ya san kasuwa, kamar 'yan uwanmu Hausawa da Fulani da ke fatauci a Baturi da Bartuwa, ya san halin da mai kaya ke shiga in masu saye 'yan ƙalilan ne. Mai saye ne ke tantance darajar ganye, shi ke cewa wannan na ɗaya ne wancan na uku, kuma ganyen riga abu ne mai tsada a ido: ɗigo ɗaya ko 'yar yagewa ta isa ta karya masa farashi. Taba kuma ba rogo ba ce, balle manomi ya ce in ba a saya da daraja ba zai kai gida a ci.

Mu duba lissafin. A shagunan Amurka kara ɗaya na irin wannan taba yakan kai dala 10 zuwa 20, akwati mai kara 20 ke nan ba ya kasa dala 200, wato sama da sefa 100,000. Mafi ƙarancin albashin ma'aikacin gona da gwamnati ta tsayar a 2023 sefa 45,000 ne a wata. Ashe akwati guda da wani zai ƙona ya busar a iska ya fi ladan gumin wata biyu na irin mutanen da suka raini ganyen da aka naɗe shi da shi. Masu tallar ƙananan gidajen nan sukan ba da labarin gwanin da ya haɗa ganyen da tsohon da ya naɗa shi, har da hotunansu. Ba kasafai ake jin labarin matar da ta wuni tana tsire ganye a Kadei ba.

Har sunan ma ya fara suɓucewa. Yanzu ana shuka irin Kamaru a wasu ƙasashe, alal misali tabar Aladino Cameroon a ƙasar Honduras aka noma rigarta, amma da sunanmu take shiga kasuwa. Masoron Penja ya samu takardar kare suna daga hukumar OAPI, mai hedikwata a nan Yawunde, tun 2013, ta yadda ba wanda zai noma masoro a wani wuri ya laƙaba masa sunan Penja. Ba muna cewa a yi wa taba irin wannan gata ba ne. Muna nuna wa manominmu ne cewa ranar da masu saye suka samu madadinsa a kusa da masana'antunsu, ba wanda zai zo yi masa sallama.

Sai kuma ɓangaren masu zuƙa, inda ruɗin ya fi yawa. Sau da yawa za ka ji matashi na cewa ai wannan ganye ne tsantsa, da hannu aka yi, ba a kuma haɗiye hayaƙin, don haka ba ta da illar sigari. Wannan zance ba shi da tushe. Karan sigari bai cika giram 1 na taba ba, ita kuwa babbar tabar naɗi tana ɗauke da giram 5 zuwa 20, ana kuma shafe awa ɗaya zuwa biyu ana zuƙarta. Hayaƙinta na da wata ɗabi'a da ke sa nikotin ya ratsa fatar baki ya shiga jini ko da bai kai huhu ba, jirin da baƙo ke ji ke nan, wanda ake fassara masa da cewa alamar inganci ce. Ruɓar da ganyen da ake yi don ya yi ƙanshi ita ce ke ƙara yawan sinadaran da ke haddasa ciwon daji, kuma likitoci sun tabbatar da alaƙar wannan taba da dajin baki da maƙogwaro da maƙoshi da huhu. Ƙanƙantar gidan da ya naɗa ta ba ta rage ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Shi ma manomin bai tsira ba, domin taɓa ɗanyen ganye mai raɓa na sa nikotin ya shiga ta fata ya jawo jiri da amai, abin da a ƙauye sau da yawa ake ɗauka zazzaɓi ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutane sama da miliyan 7 a kowace shekara. Kamaru ta amince da yarjejeniyar hukumar ta yaƙi da shan taba a 2006, a shekarar ce kuma aka yi dokar talla da ta taka wa tallar taba burki, sannan a 2022 gwamnati ta haramta shisha. Duk waɗannan mun yaba. Sai dai sashe na 17 na yarjejeniyar ya ɗora wa gwamnatoci nauyin taimaka wa manoman taba su samu wata sana'ar da za ta riƙe su, kuma a nan ne muke ganin an yi sanyin jiki. A ƙasar Kenya an gwada, inda daga 2022 aka taimaka wa manoman taba na yankin Migori suka koma noman wake, tare da tabbatar musu da mai saye tun kafin su shuka. Ƙasar Gabas na karɓar rogo da masara da gyaɗa da koko. Abin da ke hana manomi sakin taba shi ne rashin hanya mai kyau, rashin bashin noma, da rashin tabbacin kasuwa.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Noma da ta tsaya tsakanin manoma da masu saye a lokacin tantance ganye, a kuma riƙa bayyana farashin kowane mataki a fili kafin shuka, a sanar da shi ta gidajen rediyon karkara cikin harsunan da manoma ke ji. Ita kuma Ma'aikatar Lafiya ta tabbatar tabar naɗi da ke shigowa otal-otal ɗinmu na ɗauke da gargaɗin lafiya irin wanda ke jikin kwalin sigari, a hana sayar da ita ga yara, a kuma kai wa masu aikin ganye a Kadei safar hannu da bayanin cutar da ke cikinsa kafin kakar taba mai zuwa.