Ruwan maɗaciya da kumburin hanji: abin da ya kamata masu jinya a Kano su sani

A Goron Dutse, kamar sauran unguwannin cikin birnin Kano, duk wanda ya daɗe yana zawo da jini, suna biyu ake ba ciwonsa: atini ko basir. Daga nan sai kemis a sayo Flagyl, ko a nufi masu maganin gargajiya a Kasuwar Kurmi.

Sai dai akwai wata cuta da ke ɓuya a bayan waɗannan sunaye, wato kumburin hanji mai daɗewa, inda garkuwar jiki ke far wa hanjin mutum da kanta. Iri biyu ce: cutar Crohn da gyambon babban hanji. Takan lafa ta sake tashi, kuma har yanzu babu maganin da ke kawar da ita gaba ɗaya.

Shi ya sa binciken da ake yi kan ruwan maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama, ya ja hankalin likitoci. Hanta ce ke haɗa wannan ruwa don narkar da maiƙo. Idan ya isa hanji, wasu ƙwayoyin halitta masu amfani sukan sauya sinadaransa zuwa wani nau'i na daban.

A shekarar 2020, masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gano cewa wannan nau'i na biyu ya yi ƙaranci sosai a cikin masu gyambon babban hanji da aka yi wa tiyata. Da suka ba ɓeraye masu kumburin hanji sinadaran, sai kumburin ya ragu.

Labari ne mai daɗi, amma ɓera ba mutum ba ne. Kuma sinadarin da aka tace aka auna a ɗakin gwaji daban yake da maɗaciyar da mahauci ke cirewa a mayanka.

Tarihi ya nuna haɗarin. A 1995, wasu masu ciwon suga a Saudiyya sun sha maɗaciyar tunkiya a matsayin magani, suka kwanta da ciwon hanta da ƙoda. An sha samun irin haka a China da Indiya bayan haɗiyar ɗanyar maɗaciyar kifi. A garin da masu tallar magani da lasifika ke saurin cafke duk wani sabon labari, ba wuya gyaran gangar auzinawa ya biyo baya.

Abin da mai jinya a Goron Dutse ya fi buƙata yau shi ne sanin ainihin ciwonsa. Zawo da jini na makonni, da rama, da ciwon ciki da ya ƙi jin magani, dalilai ne na ganin likita a Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, don gwajin bahaya da leƙa hanji da na'ura. Tarin fuka na hanji da sankara ma kan zo da irin waɗannan alamu, kuma kowanne da nasa maganin.