Ban Ruwan Ƙarfe: Jarin da 'Yan Kasuwar Lafiya Suka Yi wa Sakaci

Sanin kowa ne cewa arzikin Jihar Nasarawa, tun da aka ƙirƙiro ta a 1996, ya dogara ne ga doya, rogo, shinkafa da riɗi. Duk manomin da ke Shabu, a kan hanyar Lafiya zuwa Akwanga, da garma da adda yake neman abincinsa. To, amma sau nawa garmar kan lanƙwashe, ko addar ta karye, ana tsakiyar damina? Galibi matsalar tana ga yadda aka ba ƙarfen ruwa, wato dabarar gasa shi da sanyaya shi don ya taurara.

Aikin hawa uku ne. Da fari ana zafafa ƙarfen har ya zarce digiri 800 a ma'aunin Salshiyos. Tun daga wajen digiri 770 maganaɗisu ke daina kama shi, alamar an kusa. Sannan a tsoma shi cikin mai ko ruwa nan take. A nan yakan yi tauri ƙwarai, amma yana da saurin karyewa kamar kwalba. Don haka sai a sake ɗumama shi a hankali: wajen digiri 230 fuskarsa takan yi ruwan ƙasa-ƙasa, wanda ya dace da kaifi, wajen digiri 300 kuma ta yi shuɗi, wanda ya fi jure duka. Bugu da ƙari, ba kowane ƙarfe ne ke karɓar ruwa ba. Wanda sinadarin kabon ɗinsa bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba, ba ya taurara yadda ake so, shi ya sa maƙeranmu suke neman sifirin ɗin tsofaffin motoci.

Babu mai musun gwanintar maƙeran nan, sai dai ido ne ma'auninsu, ido kuwa yakan yaudari mai shi. Garma goma daga hannu guda, ingancinsu na iya bambanta, kuma babu dillalin da zai ƙulla babban ciniki a kan kayan da ba shi da tabbacinsu.

A ganinmu, kamata ya yi 'yan kasuwar Lafiya su haɗa jari su kafa ƙaramin murhun zamani mai ma'aunin zafi a Shabu, inda maƙera za su riƙa kawo kayansu a ba su ruwa bisa lada kaɗan. Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa tana nan Shabu, tana iya gwada kayan a gona, Cibiyar Bunƙasa Fasahar Ƙarafa ta Ƙasa kuma tana Jos.

Wasu za su ce a jira masana'antar Ajaokuta. An ba kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilarta tun 1979, har yau ba ta fara narkar da tama ba. Jiranta ya zama jiran gawon shanu. Ko da ta tashi gobe, ɗanyen ƙarfe za ta bayar, ban ruwan garma yana wuyanmu. Masu iya magana sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ya dace a fara kafin damina mai zuwa.