Jami'ar Kuɗi Ko Ta Gwamnati: Ina Za Mu Kai Ƙanina?

'Yan uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne wata muhawara da aka tafka a gidanmu da ke Karu, cikin Abuja, a hutun da ya wuce, wadda na tabbata ana yin irinta a gidaje da dama. Ƙanina ya ci jarrabawar JAMB da maki mai kyau. Wata rana da daddare Baba ya tara mu, ya ce ya yanke shawarar sayar da filinsa na Masaka, wanda ya shekara goma yana tsakurar albashi kafin ya mallaka, domin ya sa yaron a jami'ar kuɗi. Hujjarsa ita ce yayarmu ta shiga jami'ar gwamnati a 2019 da niyyar yin shekara huɗu, amma ba ta fito ba sai da ta kusa cinye shida. Ya rufe da cewa wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Ni kuwa na roƙi arziki a dakata, kuma ga dalilaina.

Da farko dai dole a ba Baba gaskiyarsa. A 2013 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki daga Yuli zuwa Disamba. A 2020 ta sake yi daga Maris zuwa Disamba, ga kuma annobar korona a kai. A 2022 aka rufe azuzuwa daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Waɗannan watanni ba sa dawowa. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama digiri ba ya zuwa bautar ƙasa, ma'aikatu da yawa kuma suna ƙayyade shekarun wanda za su ɗauka. Ga 'ya mace kuwa, sau da yawa dogon zaman gida shi ne ƙarshen karatun baki ɗaya. Babban abin da jami'ar kuɗi take sayar wa iyaye shi ne tabbacin ranar shiga da ranar fita, kuma wannan ba abin rainawa ba ne.

Mutumin Karu kuwa zaɓi ya yi masa yawa. In ka tsallaka Nyanya da Mararaba ka miƙa hanyar Keffi, a Auta Balefi za ka tarar da Jami'ar Bingham, wadda cocin ECWA ta kafa a 2005, mai asibitin koyarwa a Jos da aka fi sani da Jankwano. Gaba kaɗan ga Jami'ar Jihar Nasarawa a Keffi. In ka juya cikin birni ga Nile ta 2009 da Baze ta 2011, ga Veritas a Bwari, ga kuma jami'ar tarayya ta Abuja da aka kafa a 1988. Sai a 1999 aka fara ba jami'o'i masu zaman kansu lasisi, wato Igbinedion da Babcock da Madonna, amma zuwa 2024 sun haura 140. Duk da haka, mafi yawan ɗaliban ƙasar nan a jami'o'in gwamnati suke.

To, ina gizo yake saƙar? Duk tsawon daren nan ana ta lissafin fili da kuɗin makaranta, babu wanda ya tambayi yaron me yake son karantawa. Da na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ni Hausa nake so, in zama mai fassara." Nan take ɗaki ya yi tsit. A ganina wannan ce tambayar da ya kamata a fara da ita: wane fanni, kuma su wa ke koyar da shi?

Jami'ar kuɗi da kuɗin ɗalibai take rayuwa, saboda haka fannonin da iyaye ke rububi su take buɗewa: likitanci, lauya, kwamfuta, akanta, aikin jarida. Wannan ba laifi ba ne, kasuwa ce. Amma Hausa da Fulfulde da Kanuri da kimiyyar harshe, kusan duk a jami'o'in gwamnati suke, in ban da 'yan ƙalilan. Mu duba littattafan da ke cikin jakunkunanmu. Nahawun Hausa na Farfesa M.K.M. Galadanci na 1976, da Hausa a Rubuce na Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya na 1988, da Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na 1993, duk aikin malaman Jami'ar Bayero ne. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da aka kafa a Kano a 1969 ita ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Haka Zariya take alfahari da Farfesa Ɗalhatu Muhammad, Sakkwato kuma da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza. Irin wannan gado ba a gina shi cikin shekara goma, komai yawan kuɗi. Hasali ma, da yawa daga malaman jami'o'in kuɗi a jami'o'in gwamnati suka yi digirinsu, wasu ma aro ake yi su zo su koyar su koma.

Da an sayar da filin, da ƙanina ya shiga wani fanni da ba ya so, don kawai shi ake da shi a inda aka biya. Ga masu cewa Hausa ba ta kai mutum ko'ina kuwa, BBC tun 1957 take watsa shirye-shirye da ita, Muryar Amurka ta fara a 1979, Rediyon Faransa tun 2007, ga kuma TRT ta Turkiyya. Kamfanin Google ya sanya Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, kuma duk na'urar da za ta iya Hausa sai ta koya daga mutanen da suka san ƙa'idar rubutunta.

Na biyu, a yi lissafin kuɗi da idon basira. Kuɗin fili zai iya biyan shekarar farko da ta biyu, to ta uku fa? Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 darajar naira ta faɗi, makarantu na kuɗi da na gwamnati duk suka ƙara kuɗi, sai dai ƙarin da aka yi a kan miliyoyi ba ɗaya yake da wanda aka yi a kan dubbai ba. Yaron da yajin aiki ya tsayar zai koma aji komai daren daɗewa, amma wanda aka hana shiga jarrabawa a aji uku saboda bashi, ya yi biyu babu. Bashin karatu na asusun NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 ɗaliban makarantun gwamnati aka buɗe wa, haka ma gine-gine da tallafin bincike na TETFund. Ga kuma ƙanne biyu mata a bayansa, su da wane fili za a kai su? Hausawa na cewa kowa ya haɗiyi taɓarya zai kwana a tsaye.

Na uku, akwai karatun da ba a yi a aji. A ɗakin kwananmu akwai Basakkwace da Bakatsine da Bazazzagi da Bahaɗeje, ga Banufe ga Babarbare ga Tibi. Abin da malami ya koyar da safe game da karin harshe, da daddare kunnena yake ji. Ɗan mai shayi da ɗan kwamishina benci ɗaya suke zama. Ga mai nazarin harshe, wannan cakuɗuwa ita ce ɗakin gwajinsa. Ban ce cunkoson ɗakin lacca da layin ruwa da ɓatan sakamako abin yabo ba ne. Wahala ba ilimi ba ce, kuma haƙƙinmu ne mu nemi a gyara. Sai dai wa zai matsa a gyara in duk mai faɗa-a-ji ya janye ɗansa? Ranar da babu ɗan babba ko ɗaya a jami'ar gwamnati, ko shekara aka yi tana rufe babu wanda zai rasa barci.

Kada a fahimce ni a baibai. Wanda yake da halin biya har ƙarshe ba tare da ya tauye sauran 'ya'yansa ba, kuma fannin da ɗansa ke so yana da ƙarfi a jami'ar kuɗi, ya kai shi, ya yi daidai. Amma kafin ya biya ko kwabo, ya bincika ko hukumar NUC ta amince da fannin, in likitanci ne ko lauya ko injiniya ya tabbatar hukumar sana'ar ma ta amince. Ya tambayi malaman dindindin nawa ne a sashen, ya leƙa laburare, ya zanta da ɗaliban aji huɗu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kyan ƙofa da fenti ba sa koyar da kowa komai.

A ƙarshe dai filin Masaka yana nan ba a sayar ba. Ƙanina ya cike takardar canjin makaranta ya zaɓi Kano. Baba bai gamsu ɗari bisa ɗari ba, har ya ce in aka tafi yajin aiki ni zai kama. Na amsa, domin na san tsoronsa na da tushe. Kira na gare ku 'yan uwa shi ne, in aka fara wannan zance a gidajenku, ku sa baki, ku fara tambayar ƙannenku abin da suke son karantawa kafin a kira dillalin fili. Allah Ya sa mu dace.